Gida a Kan Taya: Tarihin Ƴan Ciranin Bakin Tekun Amurka

1/ Jama'a, jiya ƙanena ya turo mini bidiyon wasu Turawa sun faka wata ƙatuwar mota a bakin teku, ciki da gado da kicin da banɗaki. Ya rubuta: "Yaya, waɗannan su suka san rayuwa." Na yi dariya. Na taɓa kwana biyu a irin wannan wurin, kuma labarin ya wuce abin da bidiyo ke nunawa. Ku gyara zama. ZARE 🧵

2/ Motar nan a Amurka RV suke ce mata. Ni tafi-da-gidanka nake kiran ta. Iri biyu ce: akwai mai injinta, kamar bas, akwai kuma wadda ake ɗaura wa mota a baya a ja, wadda suke ce wa tirela, amma ba irin ta dakon kaya ba. Wurin da ake faka su a kwana kuwa ba sai mun ari suna ba. Zango ne.

3/ Jihohi biyar ne suka kewaye Tekun Meksiko ta kudancin Amurka: Teksas, Luwiziyana, Misisifi, Alabama da Fulorida. Lokacin da ƙanƙara ta rufe Kanada da jihohin arewa, nan mutane na yawo da riga mai gajeren hannu. Shi ya sa duk hunturu ayarin motocin nan ke gangarowa kudu, su zauna wata uku zuwa biyar, bazara ta yi su koma.

4/ Mutanen Fulorida suna kiran su tsuntsayen ƙanƙara. Da Hausa ƴan cirani ne, sai dai namu neman kuɗi ke fitar da su, waɗannan kuma gudun sanyi. Abin da nake so mu bi a zaren nan shi ne: wa ya fara wannan ciranin, wa aka hana shiga zangon, kuma wa yake kwana a cikinsa yau.

5/ Mu koma 1908, shekarar da Henry Ford ya fito da motarsa Model T. Kafin ita, mota ta attajirai ce. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 kuɗinta ya sauko ƙasa da dala 300, manomi da makaniki da malamin makaranta suka iya mallaka. Da can zuwa Fulorida sai a jirgin ƙasa, a sauka a manyan otal. Talaka sai dai ya ji labari.

6/ Mota ba hanya ai aikin banza ne. A 1915 wani ɗan kasuwa, Carl Fisher, wanda ke da filaye a Miami Beach yana neman masu saye, ya jagoranci shirin babbar hanyar Dixie, wadda ta haɗa yankin Chicago da Mishigan da Miami. Shi masu kuɗi yake hange. Amma hanya ba ta tambayar abin da ke aljihunka, kowa ya biyo.

7/ Manya ma sun taimaka wurin tallata kwanan daji. Ford da Thomas Edison suna da gidajen hunturu jikin juna a Fort Myers. A 1914 sun shiga dajin fadamar Everglades da tanti, daga baya suka riƙa irin wannan tafiya tare da Harvey Firestone mai tayoyi. A 1921 har Shugaba Harding ya je musu. Amma fa da kuku da barori da ƴan jarida suke tafiya 😅

8/ Talakawan da suka biyo hanyar ba su da kuku. Su ɗaure tanti a gefen mota, su cika akwati da abincin gwangwani, su kamo hanya mai yashi da taɓo ta kwana da kwanaki. A 1919 wasunsu suka taru a filin De Soto da ke Tampa suka kafa ƙungiya mai suna Tin Can Tourists, wato Ƴan Yawon Gwangwani.

9/ Sunan da ake yi musu ba'a da shi suka ɗauka suka yi ado da shi. Alamar ɗan ƙungiya ita ce gwangwani a liƙe kan murfin lagireton motarsa. Suna da dokokinsu: a tsaftace zango, a taimaki wanda motarsa ta lalace a hanya, a zauna lafiya da maƙwabta. Duk hunturu suna babban taro, da raye-raye da wasanni.

10/ Masu otal da ƴan kasuwar gari ba su so su ba. Har habaici ake yi musu, wai mutum zai zo da riga ɗaya da takardar dala 20 ɗaya, ya gama hunturunsa bai canja ko ɗaya ba. A 1924 aka rufe musu filin De Soto. Suka koma Arcadia, daga baya Sarasota ta zama matattararsu.

11/ Wasu garuruwan kuwa sun yi lissafi. Mai gwangwanin nan zai sha fetur, zai sayi burodi, kuma gobe yana iya sayen fili. Sai suka buɗe zangunan gari, da famfo da banɗaki, kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Nan asalin zangon zamani yake. Lissafin kasuwa ne ya kafa shi.

12/ Lokacin kuma ana haukan cinikin filaye a Fulorida. Mutum ya sayi fili da safe ya sayar da yamma da riba, wani filin ma yana ƙarƙashin ruwa. A Satumbar 1926 mahaukaciyar guguwa ta daki Miami, kasuwar da dama ta fara tangal-tangal ta rushe. Ku riƙe waɗannan biyun, kuɗin fili da guguwa. Za su dawo a gaba.

13/ Daga 1929 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, miliyoyi suka rasa aiki, da yawa suka rasa gida. A cikin wannan halin ne tirelar kwana ta bunƙasa. Kamfanin Covered Wagon na yankin Detroit ya riƙa ƙera su da yawa, a 1936 kuma Wally Byam ya fito da Airstream Clipper, mai jikin alminiyom mai sheƙi kamar jirgin sama.

14/ Tun daga nan motar ta zama mai fuska biyu. Ga wani hutu ce, ga wani kuma ita ce kaɗai rufin da ya rage masa. A 1936 ƙungiyar Kiwanis ta buɗe babban zangon tirela a Bradenton don jawo baƙin hunturu. A daidai wannan zamanin wasu garuruwa na kafa dokokin korar masu tirela, wai ba sa biyan harajin gida.

15/ Gwamnati ma ta shigo. A 1933 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar CCC, ta ɗauki samari marasa aiki suna dasa itatuwa, suna gina hanyoyi da wuraren shaƙatawa. Su suka gina gandun jihar Fulorida na farko, irin su Highlands Hammock, Fort Clinch da Myakka River. A Alabama suka gina Gulf State Park, aka buɗe a 1939.

16/ To ga inda bidiyon ƙanena bai kai ba. Duk wannan walwalar ta farar fata ce. Kudancin Amurka a lokacin yana ƙarƙashin dokokin wariya da ake kira Jim Crow. Otal, gidan abinci, banɗaki, famfon shan ruwa, har yashin bakin teku, an raba. Baƙar fata yana iya sayen mota, amma ina zai tsaya ya kwana?

17/ Abin takaici, cikin samarin CCC da suka gina Myakka River akwai rundunar baƙaƙen fata. Su suka yi dakon katako, su suka sha cizon sauro a fadama. Aka gama aiki, dokar wariya ta tsaya a ƙofa tsakaninsu da abin da hannunsu ya gina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

18/ Iyalin baƙar fata in za su yi doguwar tafiya, sai su ɗauki abinci da bargo da galan ɗin fetur, har da bokitin biyan buƙata, don ba tabbas za a bar su su shiga ko'ina. Kwana a gefen hanya, wanda Bature ke yi don nishaɗi, su a wurinsu kasada ce da rai. Akwai garuruwan da ba a yarda rana ta faɗi suna ciki ba.

19/ A 1936 wani ma'aikacin gidan waya a New York, Victor Hugo Green, ya fara buga wani ɗan littafi da ake kira Green Book. Jerin gidajen sauka ne da gidajen mai da na abinci da ke karɓar baƙar fata, jiha bayan jiha. An yi ta buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Ku ɗauka taswirar tsira ce a aljihu.

20/ Da aka hana su, sai suka kafa nasu. A 1923 wani limamin coci, Robert E. Jones, ya samar da Gulfside a Waveland, bakin tekun Misisifi. A 1935 Abraham Lincoln Lewis da kamfaninsa na inshora suka sayi fili a tsibirin Amelia, arewa maso gabashin Fulorida, suka kafa American Beach. Mutane kan yi tafiyar ɗaruruwan mil don su taka wannan yashin.

21/ A Misisifi kuwa rigima aka yi. Akwai bakin teku mai tsawon mil 26 a yankin Biloxi da Gulfport, yashin zuba shi aka yi da tallafin kuɗin gwamnatin tarayya, wato harajin kowa. Amma masu gidajen da ke kallon teku suka ce nasu ne. A Mayun 1959 wani likita baƙar fata, Dakta Gilbert Mason, ya shiga ruwan da wasu mutane. Ƴan sanda suka fitar da su.

22/ Ranar 24 ga Afrilu, 1960, mutum kusan 125 suka koma, maza da mata da yara. Gungun fararen fata suka far musu da sarƙoƙi da sandunan ƙarfe, ƴan sanda na tsaye. Laifinsu wanka a teku. An sake fita a 1963. Sai a 1968 kotun tarayya ta tabbatar da cewa wannan yashin na kowa ne.

23/ Dokar haƙƙin ƴan ƙasa ta 1964 ta haramta wariya a wuraren jama'a. Amma ana ga wata ga wata. Da ƙofofi suka buɗe, mutane suka watsu zuwa wuraren da aka hana su a da, wurare irin su American Beach suka rasa baƙi. A shekarar ce kuma guguwar Dora ta yi masa ɓarna. Gulfside kuwa Katrina ce ta share shi a 2005.

24/ Mu dawo kan motar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa uku suka haɗu: fansho, wanda ya ba tsofaffi kuɗi da lokaci, na'urar sanyaya ɗaki, wadda ta sa zafin kudu ya zama abin jurewa, da dokar manyan hanyoyi ta 1956, wadda ta mayar da tafiyar makonni ta zama ta kwana biyu ko uku.

25/ A 1962 aka kafa KOA, kamfanin da ya mayar da zango kamar gidan mai, duk inda ka je tsari ɗaya. A 1966 Winnebago ya fara ƙera mai injinta a farashin da ma'aikaci zai iya. A 1971 Disney ma ya buɗe zangonsa, Fort Wilderness, kusa da Orlando. Jikokin masu gwangwani sun zama kwastomomin da ake rububi.

26/ Yau in ka je, zaɓi kusan huɗu ne. Na farko, gandun jiha. Suna da sauƙin kuɗi, da ruwa da wuta, wasu a jikin teku. Matsalar samun gurbi. A Fulorida ɗan jiha na iya kama wuri tun saura wata 11, baƙo wata 10, kuma a ƙa'ida kwana 14 ne ka tashi. Wuraren hunturu kamar rabon kayan tallafi ake wawason su a intanet.

27/ Na biyu, filayen gwamnatin tarayya, irin su Gulf Islands, wanda aka kafa a 1971, ya taɓa Fulorida da Misisifi. Na uku, zangunan ƴan kasuwa: kowane gurbi da famfonsa, soket mai amfiya 30 ko 50, da bututun kwashe najasa, ga wurin ninkaya da na wanki. Ana biya kullum, ko duk wata, ko na hunturu gaba ɗaya. Wasu ma sai ka kai shekara 55.

28/ Na huɗu ya fi burge ni. A Teksas dokar 1959 ta ce bakin teku na jama'a ne, kuma a wurare da dama mota na hawa yashi kamar titi. A tsibirin Padre kana iya tuƙi ka faka ka kwana, ba wuta ba famfo, sai kai da iska. Bayan mil 5 na farko sai da mota mai jan taya huɗu. In ka kafe, kuɗin janwe zai sa ka tuna gida.

29/ Ni a Fort Pickens na kwana, kan tsibirin Santa Rosa kusa da Pensacola. Mu uku ɗalibai muka haɗa kuɗi muka yi hayar ƴar ƙarama. Yashin wurin fari ne fat kamar sukari. Na yi sallar asuba a kansa, igiyar ruwa na ta kai kawo, sanyi na ratsa ni. Gaskiya wurin ya haɗu, ba zan ɓoye muku ba.

30/ Amma kusa da zangon akwai tsohon sansanin soja na bulo da aka kammala a 1834, kuma bayi aka sa aikin gininsa. A 1886 nan aka kawo Geronimo, jagoran Apache, aka tsare shi, mutane na hawa jirgin ruwa suna zuwa kallonsa. Kun ga yawon buɗe ido a wurin da kallon fursuna ya fara.

31/ A damanmu wani dattijo ne da matarsa daga Mishigan, motarsu ta fi ɗakin kwanan ɗalibanmu girma. Ya gan mu muna fama da tiyo, ya taso ya nuna mana yadda ake yi, ya ce kakansa ma da tanti yake zuwa. A hagu kuma wata mata ce da yara biyu a wata tsohuwar tirela. Da safe na ga tana shirya su makaranta.

32/ Muka gaisa. Na ce, "Hutu kuka zo?" Ta yi murmushi ta ce guguwa ce ta ɗaye rufin gidan da suke haya, da aka gyara kuɗin haya ya fi ƙarfinta. Yanzu in kwana 14 ya cika a nan sai su koma wani zangon, sannan su dawo. Na rasa abin cewa. Tsakanin motarta da ta dattijon nan bai fi taku goma ba.

33/ Kuma ba ita kaɗai ba ce. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne a wannan gaɓar. Bayan Katrina, wadda ta kashe sama da mutum 1,000 a Agustan 2005, hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta raba tireloli fiye da 100,000 ga waɗanda suka rasa gidaje a Luwiziyana da Misisifi.

34/ Tirelar da aka ƙera don hutun mako ɗaya, iyalai suka yi shekaru a ciki. Mutane suka fara kukan ciwon kai da tari da zubar jini ta hanci. A farkon 2008 hukumar lafiya ta CDC ta sanar da cewa gwajinta ya gano sinadarin fomaldehaid mai yawa a iskar cikinsu, wanda ke fitowa daga gam ɗin katakon da aka yi ciki da shi.

35/ Kuɗin fili fa? Akwai wani ɗan gari, Briny Breezes, a gabashin Fulorida. Gona ce da masu gwangwani ke fakawa, mazauna suka haɗa kuɗi suka saye ta a 1958, ta zama gari a 1963. Daga baya wani kamfani ya taya dala miliyan 510. Kusan kowane mai tirela zai zama miloniya. A 2007 suka amince, cinikin ya wargaje. Allah bai nufa ba.

36/ Su sun tsira da wurinsu ne saboda ƙasar tasu ce. Yawancin masu zaman zango kuwa motar ce tasu, ƙasar da take kai haya ce. Manyan kamfanoni suna ta sayen zanguna. A 2022 guguwar Ian ta share tsohon zangon Red Coconut da ke Fort Myers Beach, daga baya aka sayar da filin ga masu gine-gine. Mai taya sai ya ƙara gaba.

37/ Ga shi kuma masu so sun ƙaru. A 2021, bayan kullen korona, kamfanonin Amurka sun fitar da irin waɗannan motoci kusan 600,000 a shekara ɗaya, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Motoci na ƙaruwa, bakin teku ba ya ƙaruwa. In ɗan fansho mai kuɗi da matar nan mai yara biyu suka nemi gurbi ɗaya, kun san wanda zai samu.

38/ Don haka amsar da na ba ƙanena ita ce: wurin yana da kyau, in Allah Ya ba ka dama ka je, tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma in ka ga fitila a tagar tirela da dare, kada ka yanke hukunci. Wani ya zo shan iska ne, wani kuma yana lissafin kwana nawa ya rage masa kafin a ce ya tashi.

39/ Ranar da za mu tafi, yaran matar nan suka ɗago mana hannu ta tagar mota, jakunkunan makaranta a bayansu. Ban tambayi sunanta ba, har yau abin yana damuna. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa matsuguni.

40/ Nan zan dasa aya. Wanda ya ƙaru ya tura wa wani. Tambayata gare ku: da za a ba ku zaɓi, ɗaki ɗaya naku na kanku a cikin gari, ko gida mai taya a bakin teku amma ƙasar ta wani, wanne za ku ɗauka? Ina jiran ku a ƙasa 👇